Hankaka Yana Kallonku: Amsoshin Tambayoyin Yara Kan Wayon Hankaka

Yara manyan gobe, ku matso kusa. Akwai tsuntsun da kuke wucewa ta ƙarƙashinsa kullum ba ku ɗaga kai ba, alhali shi ya daɗe da ƙare muku kallo, har ya san mai jifa da wanda ba ya jifa a cikinku. Hankaka ke nan. Ga tambayoyin da yara suka fi yi a kansa, da amsoshinsu. Wanda karatunsa bai yi ƙwari ba tukuna, ya roƙi Mama ko Yaya a karanta masa.

Duk hankaki iri ɗaya ne?

A'a. Akwai jinsin hankaka sama da 40 a duniya. Wanda ya fi yawa a Afirka shi ne mai farin ƙirji da farin wuya, kamar wanda ya ɗora farar falmaran a kan baƙar riga. Nauyinsa kamar rabin kilo ne. A Amurka da Turai da Japan akwai baƙaƙe ƙirin, babu ɗigon fari ko ɗaya. Akwai mai launin toka a jiki da baƙin kai. Akwai kuma ƙaton hankaka na ƙasashen sanyi da duwatsu, wanda ya haura kilo ɗaya, idan ya buɗe fukafukai faɗinsu ya wuce mita guda. Ana samun hankaki kusan ko'ina, ban da Kudancin Amurka da yankin ƙanƙara na ƙarshen kudancin duniya.

Da gaske yana da wayo, ko faɗa kawai ake yi?

Da gaske ne. Bari in ba ku labarin wata hankaka mai suna Betty, wadda masana suka riƙe a jami'ar Oksfod ta ƙasar Ingila. A shekarar 2002 suka sa ɗan guntun nama a cikin wani ƙaramin bokiti mai mariƙi, suka zura bokitin can ƙasan wani dogon bututu, inda baki ba zai kai ba. Sai suka ajiye wayar ƙarfe guda biyu a gefe, ɗaya mai lanƙwasa kamar ƙugiya, ɗaya miƙaƙƙiya. Abokin zamanta, wani namiji mai suna Abel, ya sure mai ƙugiyar ya yi gaba da ita. Aka bar Betty da miƙaƙƙiyar waya.

Ta zura wayar, ta taɓa bokitin, bai taso ba. Ta sake gwadawa, shiru. Sai ta fito da wayar, ta maƙale bakin wayar a wani wuri mai tsauri, ta ja ɗaya gefen da bakinta har ta lanƙwashe. Ta mayar da ita cikin bututun, ta saƙalo mariƙin bokitin, ta jawo shi sama, ta ci namanta. Masanan suka yi ta maimaita gwajin da miƙaƙƙiyar waya kaɗai, ita kuma ta yi ta ƙera ƙugiya.

Daga baya aka gano cewa danginta na daji ma sukan lanƙwasa tsinke mai laushi, wato hannunta, ko in ce bakinta, ya riga ya san aikin. Amma wayar ƙarfe ba ta tsiro a daji. Ganewar da ta yi cewa wannan baƙon abu zai yi aikin tsinke, ita ce ta fi burge ni.

To wa ya koya musu ƙera kayan aiki?

Betty 'yar asalin wani tsibiri ce mai suna Niyu Kaledoniya, can cikin tekun Fasifik, gabas da Ostireliya. Hankakin wannan tsibiri su ne maƙeran tsuntsaye. Akwai manyan tsutsotsi masu maiƙo da ke ɓuya cikin ruɓaɓɓen itace. Hankakan yakan karyo reshe, ya zage ganyen, ya gyara shi ya zama tsinke, ya zura a ramin yana tsokanar tsutsar har ta fusata ta ciji tsinken, sai ya jawo ta waje a hankali. Wani lokaci kuma ganyen wata bishiya mai ƙayoyi a gefe yake yankawa, ya fitar da siriri, mai faɗi a gindi mai tsini a baki. Wani masani mai suna Gavin Hunt ne ya bayyana wa duniya wannan a 1996. Idan tsinke ya yi wa hankaka daɗin aiki, ba ya yar da shi. Yakan take shi da ƙafa yayin da yake cin abinci, ko ya soke shi a wani rami don ya dawo ya ɗauka.

Rabin abin a jini yake, rabi kuma koyo ne. An reni wasu 'ya'yansu a hannu, ba su taɓa ganin babba yana aiki ba, amma da suka tasa sai ga su suna ɗaukar tsinke suna zura shi a ramuka. Sai dai a daji, ƙwarewa tana cin lokaci. Ɗan hankaka yakan bi iyayensa shekara guda ko fiye, yana kallo, yana ɗaukar tsinken da suka bari, yana riƙe shi a baibai, yana ɓatawa yana sakewa, kamar yadda kuka yi ranar da aka fara ba ku fensir.

Kansa ɗan ƙarami ne. A ina duk wayon yake zama?

Tambaya mai kyau, kuma ta daɗe tana damun manya. Ƙwaƙwalwar ƙaton hankaka ba ta kai giram 20 ba. Amma a cikin kowace ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ke aika wa juna saƙo, su ne ke yin tunani. Na tsuntsaye ƙanana ne sosai kuma a cunkushe suke, kamar ashana a cikin kwalinta. Da masana suka ƙirga a 2016, sai suka tarar da ƙwayoyi fiye da biliyan ɗaya a ɓangaren tunani na ƙwaƙwalwar ƙaton hankaka, kusan daidai da na wasu birai. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Zai iya gane fuskata?

Ƙwarai kuwa, kuma ba ya mantuwa da wuri. A 2006, wani malami mai suna John Marzluff a birnin Siyatil na Amurka ya so ya tabbatar da haka. Shi da ɗalibansa suka sa wata fuskar roba mai ban tsoro, suka kama hankaki bakwai a harabar jami'arsu, suka sa musu zobe a ƙafa, suka sake su ba tare da sun ji musu ciwo ba. Bayan haka, duk wanda ya sa wannan fuskar ya fito yawo, namiji ko mace, dogo ko gajere, sai hankaki su bi shi da ihu, wasu har su kawo masa sura. Idan mutumin nan ya cire ta ya sa wata fuskar robar dabam, wadda ba a taɓa kama su da ita ba, ba su cika kula shi ba. Har juya fuskar mai ban tsoron aka yi, goshi a ƙasa haɓa a sama. Sai aka ga wasu hankakin suna karkata kai don su duba da kyau, sannan su fara ihun.

Ga inda abin ya fi ban mamaki. Bakwai aka kama, ko ba haka ba? Bayan kamar shekara biyu, malamin ya sa fuskar ya zaga, ya haɗu da hankaki 53, kuma 47 a cikinsu suka yi masa ihu. Daga ina sauran suka sani? Sun ga 'yan'uwansu suna yi wa fuskar ihu, suka riƙe. 'Ya'yan da ba a ma ƙyanƙyashe su ba lokacin kamun, su ma sun koya daga iyayensu. Aka shafe sama da shekara goma ana tsangwamar wannan fuska.

Kuma ba sharri kaɗai suke riƙewa ba. Wanda ya saba ba su abinci ma sun san shi, daga nesa za su hango shi su taso.

Ya iya ƙirga?

Ya iya kaɗan. A jami'ar Tubingen ta ƙasar Jamus an horar da hankaki uku. Idan aka nuna musu lamba a allon kwamfuta, daga 1 zuwa 4, sai su yi kuka daidai yawan lambar, sannan su saki allon da baki, alamar sun gama. An wallafa wannan a 2024. Sukan yi kuskure jefi-jefi, su yi uku a maimakon huɗu, kamar ɗan aji ɗaya. An kuma lura cewa idan lambar babba ce, sukan ɗan yi jim kafin su fara, kamar suna shirya lissafin a zuci.

Labarin hankaka da tulun ruwa gaskiya ne?

Tsohuwar tatsuniya ce daga ƙasar Girka: ƙishirwa ta kama hankaka, ya sami tulu da ɗan ruwa a ƙasa, bakinsa bai kai ba, sai ya yi ta jefa tsakuwa har ruwan ya taso. An yi shekara dubu biyu da wani abu ana ba da ita a matsayin tatsuniya. A 2009 aka gwada a Ingila da wasu dangin hankaka. Aka sa tsutsa tana yawo a saman ruwa cikin bututun gilashi, aka zube duwatsu a gefe. Suka yi ta jefawa har tsutsar ta iso baki, kuma ba da daɗewa ba suka gane manyan duwatsu sun fi saurin ɗaga ruwa. A 2014 aka gwada hankakin Niyu Kaledoniya, su kuma suka riƙa zaɓar abu mai nutsewa suna barin mai tasowa, suna zaɓar bututun ruwa suna barin na yashi.

Ku ma ku gwada. Ku sami kofi, ku zuba ruwa rabi, ku yi alama, ku riƙa jefa tsakuwa ɗaya bayan ɗaya.

Me hankaka yake ci?

Kusan komai: fara, tsutsa, ƙadangare, ɓera, hatsi, 'ya'yan itace, ƙwai, mushe, da ragowar abincin da mutane suka zubar. Wannan rashin zaɓen yana cikin sirrin wayonsa, domin mai cin abu iri-iri dole ya koyi dabara iri-iri.

Na taɓa zama ina kallon wani da ya tsinci busasshen burodi mai tauri kamar dutse. Ya sara sau biyu, bai fashe ba. Sai ya ɗauka ya tafi da 'yar tafiyarsa ta ƙasaita har bakin wani ɗan kududdufi, ya tsoma, ya ja da baya ya tsaya yana karkata kai, ido ɗaya a kan burodin, ɗaya a kaina. Da ya jiƙa ya tsamo, ya take da ƙafa, ya yage shi sala-sala.

A birnin Sendai na Japan kuwa, akwai wata ƙwara mai taurin ɓawo da bakinsu ba ya iya fasawa. Sai suka koyi ajiye ta a kan titi, inda motoci ke rage gudu ko tsayawa, taya ta taka ta fasa musu, su sauko su kwashe. Idan motar ta kuskure, sukan koma su gyara wa ƙwarar zama. A Tokiyo an sha ganin sheƙar hankaka da aka gina da wayar rataye tufafi.

Idan abinci ya yi yawa, hankaka yakan ɓoye saura a ƙasa ya rufe da ganye. Ƙaton hankaka ma, idan ya lura wani ɗan'uwansa yana leƙensa, sai ya koma bayan dutse ya ɓoye, ko ya jira mai leƙen ya tafi ya tono ya sauya wuri. Wato ya san cewa idon wani yana gani, kuma mai gani zai iya ɗauka.

Me ya sa ake yi masa kirari da "hankaka mai da ɗan wani naka"?

Mutanen da can sun ɗauka hankaka ba ya haihuwa, ɗan wani tsuntsu yake ɗaukowa ya raina har ya zama nasa. Hankaka yana haihuwa. Mace da namiji sukan gina sheƙa da ƙirare can ƙololuwar bishiya ko a kan dogon ƙarfen lantarki, su shimfiɗa tsumma da gashi da ciyawa a ciki. Macen takan yi ƙwai uku zuwa shida, ta kwanta a kai kamar kwana 18, mijin yana kawo mata abinci. Yawanci ma'auratan ba sa rabuwa sai mutuwa. A wasu jinsunan, kamar na Amurka, yayye ba sa barin gida da wuri, sukan zauna su taya iyaye ciyar da ƙanne da gadin sheƙa.

Amma kirarin bai faɗi ƙasa banza ba. Akwai wata tsuntsuwa mai dogon jela da ɗige-ɗigen fari a baya, wadda ba ta gina sheƙa. Sai ta faki idon hankaka ta saka ƙwanta a cikin nasa. Hankaka ya ƙyanƙyashe, ya ciyar da baƙon tare da 'ya'yansa har ya yi fiffike. Ka ga kuwa ya mai da ɗan wani nasa, sai dai ba ɗaukowa ya yi ba, kawo masa aka yi. A ƙasar Sifen an gano cewa idan kyanwa ko shaho ya zo sheƙar, ɗan baƙon nan yakan fitar da wani ruwa mai ɗoyi da ke korar maharin, 'ya'yan hankakan ma su tsira.

Me ya sa suke taruwa idan ɗayansu ya mutu?

Idan hankaka ya ga gawar ɗan'uwansa, sai ya yi wani kuka mai ƙarfi, nan da nan bishiyoyin wurin su cika. Su yi ta ihu, wani lokaci su yi tsit, daga baya su watse. Wata masaniya mai suna Kaeli Swift ta bincika wannan. Ta saba wa hankaki da cin abinci a wani wuri, sai wata rana aka tsayar da mutum a wurin riƙe da mataccen hankaka. Suka taru suka yi masa ca. Kwanakin da suka biyo baya suka riƙa ɗari-ɗari da abincin wurin, kuma suka riƙe fuskar mutumin har makonni. Da aka riƙe matacciyar tantabara, ba su damu sosai ba. Taron nasu ke nan na neman sani ne: me ya kashe shi, a ina, wa ke kusa? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Waɗanda suka kai Suratul Ma'ida a karatu za su tuna aya ta 31, inda Allah ya aiko hankaka yana tona ƙasa, don ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai binne gawar ɗan'uwansa.

Me kukansa yake nufi? Zai iya magana?

Ba kuka ɗaya gare shi ba. Akwai na kiran 'yan'uwa, akwai na gargaɗi, akwai na "nan wurina ne", akwai kuma wani ɗan gunaguni mai taushi da yake yi wa matarsa ko 'ya'yansa, wanda sai kana kusa za ka ji. Wanda ya tashi a hannun mutane yakan kwaikwayi kalmomi kamar aku, har da haushin kare da tarin mutum. Muryar tana fitowa ne daga can ƙasan maƙogwaro, kusa da ƙirji. Don haka maganar da wasu ke yi cewa sai an tsaga harshensa zai yi magana ƙarya ce, azaba ce kawai.

Hankaka yana wasa?

Sosai ma. Sukan tashi sama da tsinke, su sake shi, su bi shi su cafe kafin ya kai ƙasa. Sukan rataya a reshe kai a ƙasa. A ƙasashen sanyi sukan gangara kan dusar ƙanƙara, su koma sama su sake. An taɓa ɗaukar hoton bidiyon wani a Rasha yana hawa murfin kwalba yana sulalowa daga saman rufi, ya ɗauki murfinsa ya koma ya maimaita. Ga kuma jan jela: sai ya lallaɓa bayan kare ya finciki jelarsa ya yi tsalle gefe. Wani lokaci dabara ce, kare ya juya, ɗan'uwansa ya sure abincin. Wani lokaci kuwa babu abinci ko kusa.

Yana satar abubuwa masu ƙyalli?

An fi faɗa fiye da yadda ake gani. Babban hankaka tsoron baƙon abu yake yi, sai ya daɗe yana zagaya shi kafin ya taɓa. Ƙanana ne masu ɗaukar duk abin da suka gani don su gwada. Amma an sami masu kawowa. A 2015 labarin wata yarinya 'yar shekara takwas a Siyatil ya bazu, wadda ta saba ciyar da hankaki kullum, su kuma suka riƙa bar mata maɓalli, da dutsen ado, da guntun gilashi a inda take zuba musu abinci.

Ai yana ɗauke 'yan tsaki. Ba mugu ba ne?

Yana ɗaukewa, ba zan ɓoye muku ba, har ƙwan wasu tsuntsaye yana sha. Mai kaji yana da gaskiya idan ya ji haushi, kuma maganin abin shi ne a killace 'yan tsaki a wuri mai rufi har su yi ƙwari. Amma yunwa ce da 'ya'ya a sheƙa, ba mugunta ba. Tsuntsun nan dai shi ne ke cinye fara da tsutsar da ke ɓata shuka, shi ke kwashe mushe kafin ya yi wari. Kuma idan shaho ko mikiya ko mujiya ta shigo, hankaki ne ke haɗuwa su bi ta da ihu da sura har ta bar wurin, ko da ta fi kowannensu ƙarfi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ƙananan tsuntsaye da kaji sun san wannan ihun, da sun ji shi sai su nemi maɓoya.

Shekara nawa yake yi a duniya?

Da yawa ba sa wuce shekarar farko. Wanda ya tsallake yakan yi bakwai ko takwas, wasu su haura 15. A hannun masu kula da dabbobi an sami waɗanda suka wuce 20.

Zan iya kama ɗaya in ajiye a keji?

Don Allah kar ku yi. Tsuntsun da ke da iyali, da wasa, da tunani irin wannan, keji kurkuku ne a wurinsa. Idan kuna son ku saba da shi, akwai hanya mafi daɗi. Ku nemi izinin iyaye, ku zaɓi wuri ɗaya da lokaci ɗaya, ku ajiye 'yar gyaɗa marar gishiri da ruwa mai tsabta, ku koma nesa ku zauna shiru. Kar ku ƙura masa ido, ba ya so. Ranar farko ƙila ba zai sauko ba, ƙila har mako. Wata rana za ku fito ku tarar ya riga ku zuwa.

In na ga ɗan hankaka a ƙasa fa?

Ku tsaya daga nesa ku duba. Idan jikinsa ya rufe da gashi, yana tsalle-tsalle, jelarsa gajeriya, gefen bakinsa ja-ja, to koyon tashi yake yi, ba yar da shi aka yi ba. Yakan yi kwanaki a haka. Ku kori kyanwa da kare daga wurin, kar ku ɗauke shi, kar ku ɗura masa ruwa a baki. Idan yana zubar da jini ko fiffikensa ya karye, ku kira babba. In ba haka ba, ku ɗaga kai ku dubi reshen da ke sama da shi. Iyayensa suna nan, kuma tun kafin ku gan shi suka gan ku.